Sawun Shamuwa a Buhun Babana

Ba zan taɓa mantawa ba, kuma ko na so in manta mutanen unguwarmu a Gumel ba za su bar ni ba, da wata Juma'a bayan la'asar da na tara dattawa a zauren gidanmu, na shimfiɗa musu tabarmi, na sayo goro da lemo, don kawai su shaida yadda za a kwance mini zani a kasuwa. Ni na yi gayyar, ni na jona wayar, ni kuma na ƙure sautin lasifika don kada mai nauyin kunne a cikinsu ya rasa ko kalma ɗaya. Babu wanda ya rasa kuwa.

Mahaifina falken zoɓo ne. Ɗan asalin Ɗanzomo ne, ya zauna a Gumel, ya yi shekara arba'in yana bin ƙauyukan Gagarawa da Sule Tankarkar yana sayen zoɓo a hannun manoma, ranar Alhamis kuma ya ci kasuwar Maigatari inda ake shigo da na ƙetaren iyaka. In ya tara, a tsince, a shanya, a ɗura a buhuna, a loda a mota sai Kano. Kowane falke yana da shaidar da yake sa wa buhunsa don kada kaya su cuɗe a bayan mota. Wani gicciye, wani da'ira, wani harafin farko na sunansa. Ta Baba zane uku ne da suka haɗu a gindi, da ɗigo ɗaya a ƙasa, ana kiranta Sawun Shamuwa. Da shuni yake zana ta, da wani guntun kara da ya tattauna bakinsa, kuma bai taɓa yarda wani ya zana masa ba. Dillalai in sun ga Sawun Shamuwa ba sa zura hannu har gindin buhu, don sun san babu yashi, babu tsakuwa, ba a yayyafa ruwa don nauyi ba.

Ina ƙarami na taɓa tambayarsa ina buhunan nan suke zuwa. Ya ce, “Teku za su haye, Mai-sunan-Malam.” (Sunan kakana aka sa mini, saboda haka Baba bai taɓa kiran sunana na yanka ba.) Ya ce shi ya sa ya zaɓi shamuwa, tsuntsuwar da take zuwa ƙasashen da ba mu sani ba, ta kuma dawo da damina. Na ɗauki maganar nan na rataya a wuya kamar laya. Babu ɗan ajinmu a firamare da ban gaya wa cewa Turawa sun san hannun babana ba.

Na girma, na yi boko daidai gwargwado, na dawo gida babu aiki sai waya mai faɗin fuska da bakin magana. Ni ne mai cike wa unguwa fom. Na tallafi, na makaranta, na neman aikin da ba a samu, duk wurina ake kawowa, har wasu suna ce mini Injiniya alhali ko fitilar hannu ban iya gyarawa ba. A nan kaina ya fara kumbura. Mutumin da ya cike fom ɗari yakan ɗauka babu tambayar da za ta gagare shi a duniya.

Sai Baba ya faɗi. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta yi masa nauyi, hannun da yake zana shaida ya kwanta a cinyarsa ba ya motsi. Likita bai ɓoye mini ba, ya ce mu lallaɓa shi, zuciyar ma ta gaji. Sana'a ta dawo hannuna. Ni kuma da na duba na ga bin ƙauyuka a bayan babur ba nawa ba ne, sai na ce zan zamanantar da abin: in ƙulla zoɓo a ƙananan ledoji masu kyau, in manna musu Sawun Shamuwa, in sayar ta intanet kai tsaye ga mutanen Amurka. Na karanta cewa a babbar kasuwar intanet ɗin da nake hari, mai tambarin da ke da rajista a can shi ake ba kariya, kada wani ya kwaikwayi kayansa. Tun daga ranar na ƙudura abu ɗaya a raina, cewa sai na danƙa wa Baba takardar rajistar shaidarsa a hannu yana da rai. Wannan kaɗai nake so, kuma Allah ya sani ba don kuɗi ba ne.

Ba a yin rajistar daga nan sai da lauyan can. Aka haɗa ni da Barista Rabi, 'yar wani tsohon hedimasta a garinmu, wadda ta daɗe tana aikin lauya a Amurka amma Hausarta ba ta goge ba. Ta turo mini tambayoyi, ta kuma kira ni ta yi mini bayani dalla-dalla.

Ta ce, “Malam, ƙofa biyu ce a gabanka, ka saurara da kyau. Ta farko, ka ce ka riga ka fara sayar da kaya da wannan tambari ga mutanen ƙasar nan. In ka ce haka, sai ka kawo shaida ta gaskiya, hoton kayan yadda ake sayar da su, da ranar da ka fara. Ta biyu, ka ce ba ka fara ba tukuna amma kana da niyya ta haƙiƙa. Sai a riƙe maka layi, ka je ka fara sayarwa, ka dawo da shaida daga baya, sannan a ba ka takarda. Akwai ta uku ga wanda ya riga ya yi wa tambarinsa rajista a gida. Ka yi?”

Na ce na yi. Ta ce in turo. Na tura mata takardar rajistar sunan kasuwanci, ta yi dariya kaɗan ta ce wannan sunan shago ne, ba tambari ba, hanyar jirgi daban ta mota daban. (Wannan dariyar ya kamata ta farkar da ni. Ba ta farkar da ni ba, haushi ma ta ba ni.)

Ta ce, “To saura biyu. Sabon mai sayarwa irinka, yawanci niyya ce ta dace da shi.”

Kalmar nan ta ɓata mini rai. Niyya? Mutum ya yi shekara arba'in yana zana shaida da hannunsa har hannun ya mutu, sannan ɗansa ya je ya rubuta wa Turawa cewa muna da niyyar farawa? Na ji kamar an ce in share Baba daga duniya tun yana kwance a zaure yana jina. Ga kuma lissafin da na yi a ɓoye: ƙofar farko ta fi gajarta, babu dawowa karo na biyu, takarda za ta fi saurin fitowa, ni kuwa lokaci nake tsere da shi.

Na ce, “Haba Barista. Tun ba a haife ki ba zoɓonmu yake shiga ƙasar nan da wannan tambari.”

Ta ce, “Ka tabbata? Sa hannun da za ka yi daidai yake da rantsuwa.”

Na ce, “Na tabbata kamar yadda na tabbata da sunana.”

Rabin maganar na yi imani da ita har zuciyata, don Baba ne ya gaya mini. Ɗaya rabin kuwa, wato hoton, wannan aikina ne ni kaɗai, kuma ba ni da wanda zan ɗora wa. Ledoji shida kacal na ƙulla da zoɓo na gaske. Sauran talatin ƙaiƙayin gero na ɗura musu, na jera su a baya. Na je kantin wani abokina a bakin kasuwa da rana tsaka, na kwashe masa gwangwanayen madara daga kanta ɗaya, na jera kayana, na rubuta farashi da alamar dala a 'yan takardu na manna. Na ɗauki hoto ta wajen da haske ya fi kyau. Da na duba shi na ce a raina ko a birnin New York sai haka. Ban taɓa zuwa ko Legas ba a lokacin.

Aka shigar da takardu. Daga nan na zauna jira. Barista ta ce abin yakan ɗauki watanni, na ce babu komai. Ban aika ko leda ɗaya ko'ina ba, don na raya a raina cewa sai takarda ta fito zan buɗe shago da ƙasaita. Wata takwas ina zaune ina latsa waya, ina gaya wa duk wanda ya zo gai da Baba cewa gwamnatin Amurka tana duba maganarmu. Baba yana ji. Wani lokaci ya kalle ni ya daɗe, ni kuma in ɗauka alfahari yake yi da ni.

Ranar wata Laraba saƙon Barista ya shigo: takarda ta zo daga ofis, tana so mu yi magana a tsanake ranar Juma'a. Ta haɗo da takardar. Na buɗe, na ga hatimi a sama, na ga lambar fayil ɗinmu, na ga Sawun Shamuwa ɓaro-ɓaro a shafin farko, sai na rufe. Shafi huɗu ne, na karanta rabin ɗaya. Ni da nake faɗa wa mutane kada su sa hannu a abin da ba su karanta ba.

A tsanake ta ce. Ni kuma na bi gida-gida. Na gayyato liman, da mai unguwa, da tsoffin abokan fataucin Baba, har da Malam Ilu, dillalin da ya yi shekara talatin yana raka kayan Baba daga Maigatari zuwa Kano, wanda ya hau motar haya musamman ya zo. Aka yi wa Baba wanka, aka sa masa farar rigarsa ta Idi, aka jingina shi da matashi. Na ɗora wayar a kan turmi da aka kife, na saita ta yadda kowa zai gani.

Fuskar Barista ta bayyana, can wajensu hantsi ne. Da ta ga zaure cike da rawuna sai ta yi turus. Ta gyara mayafi ta gai da Baba, ta yi masa ya jiki, ta gai da sauran ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta ce, “Malam, ko za mu keɓe?”

Na ce, “Ai duk iyaye ne, Barista. Faɗi kowa ya ji.”

Ta ce, “To. Mai duba fayil bai karɓi hoton ba. Yana tambaya a wane kanti aka ɗauke shi, a wane gari a ƙasar nan, kuma yana son rasit na waɗanda suka saya.”

Na ce hoton ai a fili yake.

Ta ce, “A fili yake ƙwarai, laifina ne da ban ƙura masa ido ba tun farko. A gefen hagu akwai ƙullin sukari da gishiri a rataye. A bango kuma akwai jadawalin lokutan salla, an rubuta Gumel da kewaye.”

Wani daga baya ya yi tari irin wanda ake danne dariya da shi. Da na tsaya a nan da kunyar tawa ce ni kaɗai, da na sha abata na wuce. Amma wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi, ni kuma Baba na kama. Na ɗaga murya na ce hoto ba shi ne magana ba, maganar ita ce buhunan mahaifina shekara arba'in suna haye teku da wannan shaida, ga Malam Ilu nan da ransa, shi yake raka su, a tambaye shi.

Kowa ya juya ya kalli Malam Ilu. Tsohon nan ya sunkuyar da kai yana murza goron da ke hannunsa. Na sake cewa, “Baba Ilu, gaya mata mana.” Ya ɗago ya kalli Baba, ba ni ba. Sai Baba ya ɗaga hannunsa na hagu a hankali, alamar a saurara. Magana tana yi masa wuya, kowace kalma sai ya jawo ta.

Ya ce, “'Yata, buhuna bai taɓa wuce Kano ba. A can ake farke shi, a zuba zoɓon a na kamfani. Nawa masu gawayi ake sayar wa. Na gani da idona tun wannan yaron yana goye.”

Babu wanda ya yi tari a wannan karon. Na so ƙasa ta tsage in shige, amma abin da ya fi ƙona mini rai ba kunyata ba ce. Na sa tsoho marar lafiya, cikin rigar Idi, a gaban abokansa na shekara arba'in, ya buɗe baki da kansa ya faɗi abin da ya binne tun ina goye. Su duka sun sani, ashe. Sun bar kaza cikin gashinta duk tsawon shekarun nan, sai ni ɗan boko na zo na fige ta a bainar jama'a.

Barista ta yi mana kara. Ta ce abin yana gyaruwa, za ta nemi a mayar da takardar kan niyya, tunda niyyar dai gaskiya ce, kuma a janye hoton da maganar da na sa wa hannu tun ba ta zama babbar matsala ba. Liman ya yi addu'a gajeriya. Mutane suka sulale ɗaya bayan ɗaya, lemon ma yawanci ba a buɗe ba.

Da zaure ya rage daga ni sai shi, na durƙusa a gabansa na kasa ɗaga kai. Na yi kuka irin wanda rabona da shi tun rasuwar mahaifiyarmu. Na ce, “Baba, kai ka ce mini teku suke hayewa.”

Ya ce, “Yaro ya tambaye ni, na ba shi amsar yaro. Zoɓon yana hayewa, buhun ne ba ya hayewa.” Ya huta. Bakinsa ya karkace, na gane murmushi yake yi. “Ban san za ka je ka rantse a kai ba.”

Na ce to me ya sa ya ci gaba da zanawa, tunda ya san a hannun masu gawayi za ta ƙare.

Ya ce, “Daga Maigatari zuwa Kano ma tafiya ce. Wanda ya farke buhun ya san na wane ne.” Ya sake hutawa. “Da ka tambaye ni, Mai-sunan-Malam. Wata takwas ina nan kwance, ba inda na je. Me ka gani na raini a niyya? Ni ma da ita na yi shekara arba'in.”

Aka mayar da takarda kan niyya. Barista ta ce yanzu in tashi in yi abin da ya kamata in yi tun farko, in sayar. Na buɗe shafin sayarwa a intanet ba tare da wata ƙasaita ba, na sa hoton ledoji shida na gaske a kan farin faranti. Cikin 'yan makonni wata mai kantin kayan abincin Afirka a can ta yi odar katan biyu. Wannan shi ne abin da har yau yake ci mini rai. Abin bai fi ƙarfina ba ko kaɗan. Da na bi ƙofar da aka nuna mini, da katan ɗin nan ya tafi ya isa tun Baba yana iya zama da kansa.

Ranar da zan rufe katan na farko, Baba ya ce a kawo masa shuni da kara. Na ce ai akwai tambari a jikin kowace leda, an buga da inji. Ya ce a kawo dai. Na riƙe masa katan ɗin, ya kama karan da hagu. Zane na farko ya tafi a karkace, na biyu ya yi rawa, na uku bai kai gindi ba, ɗigon kuma ya zama ɗan tabo. Ya daɗe yana kallonsa. Ya tambaye ni a wane jirgin ruwa zai tafi, na ce a jirgin sama ne. Ya ce, “Daidai ne. Shamuwa ai ba ta iyo.”

Kullum da safe in na shiga gaishe shi, tambayarsa ɗaya ce: “Ya isa?” In duba waya in ce yana Legas. In ce ya tashi. In ce ana duba shi a kwastan ɗin can. Wannan karon ban ƙara ko kalma ɗaya a kan abin da na gani a rubuce ba, ko da yake Allah ya sani sau biyu harshena ya yi ƙaiƙayi in ce masa ya isa, don ya ji daɗi. Ranar sha ɗaya da tafiyar katan, bayan azahar, Baba ya cika. Amsar ƙarshe da na ba shi da safen ranar ita ce, “Tukuna, Baba.”

Ranar sadakar uku muna zaune a ƙofar gida wayata ta yi motsi. Mai kantin ce ta turo hoto. Ledojinmu a jere a kantarta, a gefe kuma katan ɗin da ta buɗe, da karkataccen Sawun Shamuwa a jikinsa. Na miƙa wa Malam Ilu wayar. Ya matso da ita kusa da idonsa, ya daɗe, sannan ya goge fuska da gefen rawani ya ce, “Ya haye, Alhaji.” Da Baba yake, ba da ni ba.

Wannan hoton shi Barista ta shigar, kuma shi aka karɓa ba tare da tambaya ko ɗaya ba. Takardar ta fito daga baya. Tana nan a rataye a zaure, sama da inda yake jingina, kusa da ƙoƙon shunin da ya bushe. Mutane suna zuwa su yaba, ni kuwa ba na son kallonta sosai.

Har yanzu ana kawo mini fom in cike, don unguwa ba ta da wani Injiniyan. Amma yanzu ina karanta shafi huɗun duka. In na zo inda aka ce ka fara ko kana da niyya, nakan ajiye biro in tambayi mai fom ɗin, in kuma akwai tsoho a gidansu in ce ya je ya tambayo shi tukuna. Kuma duk wanda zai ɗauki hoton ƙarya, shawarata ita ce kada ya ɗauka. In ya ƙi ji, to aƙalla ya sauke jadawalin salla daga bango.